Shin masu kutse za su iya shiga ta na'urar auna yanayi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da gonar kaji da kayan lambu a wajen Ikorodu, mai gonar kuma yana zaune a Agege. Bara muka kafa na'ura mai auna ruwan sama da iska da zafi, aka haɗa ta da rautar ofis don Alhaji ya riƙa dubawa a wayarsa. Yaron da ya haɗa ya ce ya "buɗe mata hanya" a rauta. Yanzu an ce min ana kutse ta irin waɗannan na'urori. Ni dai ban ga abin da ɓarawo zai yi da ma'aunin ruwan sama ba. Gaskiya ne ko tsoratarwa ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, kuma hanyar nan da aka buɗe ita ce abin da za ka fara rufewa yau, kafin ka yi komai.

Abin da ke kan sanda a waje, wato kofunan iska da mazubin ruwa, ba shi da wani haɗari. Matsalar tana cikin ɗan akwatin da ke karɓar bayanan ya tura intanet. Wannan akwati ƙaramar kwamfuta ce, da yawansu tsarin aikin kwamfuta na Linux ke ciki, kuma manhajar da kamfani ya dasa masa ita ke tafiyar da komai, har da shafin da kuke shiga ku yi saiti. Mai kutse kwamfutar yake so: tana kunne dare da rana, ba mai kallonta, kuma tana layi ɗaya da kwamfutar ofis da kyamarorin tsaro.

Ga misali na kusa. A watan Mayun 2025 masu bincike na kamfanin ONEKEY suka bayyana wata ɓaraka a Meteobridge, manhajar da ke haɗa tashoshin yanayi da intanet, aka ba ta lamba CVE-2025-4008. Akwai wani shafi mai suna template.cgi da ke ɗaukar abin da mutum ya rubuta a adireshin ya miƙa wa tsarin na'urar ba tare da tacewa ba. Idan aka cusa umarni a cikin rubutun, sai na'urar ta aiwatar da shi da cikakken iko, ba ta ma nemi kalmar sirri ba. An toshe ɓarakar a siga ta 6.2. Duk da haka, a watan Oktoban shekarar hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta sa ta cikin jerin ɓarakokin da ake kai hari da su a zahiri. Gyara ya fito, na'urori suna nan da tsohuwar manhaja, don ba wanda ya koma kansu tun ranar da aka kafa su.

Kada ka ce wa ya san gonarmu. Ba a zaɓe ake yi ba. Adireshin intanet na tsohon tsari kusan biliyan 4.3 ne, kuma akwai manhajojin da ke ƙwanƙwasa su duka cikin ƙasa da awa ɗaya. Haka wata manhajar kutse mai suna Mirai ta yi a 2016: tana gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 da kamfanoni ke sakawa tun daga masana'anta, ta ƙofar shiga daga nesa ta telnet mai lamba 23, ta tara kyamarori da rautoci masu ɗimbin yawa aka kai hari da su. Idan aka kama akwatinku, datarku za ta riƙa ƙarewa ba dalili, ko a bi ta cikinsa a kai ga kwamfutar da ake ajiye lissafin gona. Idan kuma fankokin ɗakin kaji ko famfon ban-ruwa suna aiki da ma'auninsa, lamba ta ƙarya za ta iya jawo asarar kaji a zafin Maris. Tsarin Modbus da ake yawan haɗa irin waɗannan da shi, a ƙofa ta 502, ba ya tambayar kalmar sirri ko kaɗan.

To, ka shiga saitin rautar, ka nemi wurin da ake tura ƙofofi zuwa na'urorin cikin gida, ka goge duk wanda ke nuni ga akwatin, galibi 80 ko 8080 ko 22 ko 23. Ka kashe UPnP, don shi ke ba na'ura damar buɗe wa kanta ƙofa ba da saninka ba. Sannan ka kashe Wi-Fi a wayarka, ka gwada shiga da data ta hanyar da Alhaji ke bi. Idan shafin saiti ya buɗe, da sauran aiki. Masu amfani da layin waya sau da yawa suna bayan adireshin haɗaka na kamfani, alamarsa ita ce adireshin rautar na waje ya fara da 10 ko ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127. Wannan yana rage haɗari, amma masu adireshi na dindindin a buɗe suke sarai.

Alhaji ba zai rasa ganin ma'auninsa ba. A bar akwatin ya riƙa tura bayanai zuwa shafin kamfanin ko shafin yanayi na Weather Underground, shi kuma ya duba a can. In dole sai an shiga saiti daga nesa, a yi ta VPN, wato kariyayyar hanyar shiga daga nesa, irin WireGuard. A mayar da akwatin kan Wi-Fi na baƙi, ko layinsa daban, yadda ba zai ga kwamfutar ofis ba.

Sabunta manhajar yana son natsuwa, musamman a Legas. Ka rubuta sunan samfurin da lambar sigar da ke ciki, ka ajiye kwafin saitin, ka sauko da sabuwar daga shafin kamfanin kaɗai. Fayil ɗin da aka turo ta WhatsApp, ko wanda mai gyara ya ɗauko daga filashinsa, ba ka san abin da aka cusa ciki ba. Ka jona akwatin da rautar a inbata ko UPS mai cikakken caji, ka haɗa da kebul idan yana da ramin kebul. Idan aka ɗauke wuta ko aka sauya zuwa janareta yana tsakiyar rubuta manhajar, zai iya mutuwa murus. Aikin na mintuna kaɗan ne amma kada a taɓa shi har ya tashi da kansa.

Tunda naku ya daɗe a buɗe, sabuntawa kaɗai ba ta isa ba, don ba lallai ta cire abin da aka riga aka dasa ba. Ka mayar da shi yadda ya fito daga masana'anta, ka sa sabuwar manhajar, ka shigar da saitin da hannu. Ka canza kalmar sirrinsa da ta Wi-Fi da aka ajiye a cikinsa. Kada kalmar da yake tura bayanai da ita ta zama irin ta imel ko banki, saboda na'urori da yawa a fili suke aika ta cikin adireshi.

Wani abu kuma: ba duk lambar da ta kauce ce kutse ba. Mazubin ruwa yakan ƙirga milimita 0.2 a kowace juyawa, kuma yanar gizo-gizo ko kashin tsuntsu ko tsatsar iskar teku suna hana shi juyawa. Ka kafa ma'auni na hannu kusa da shi, ka riƙa kwatanta su bayan ruwa mai ƙarfi a Yuni da Yuli, ka kuma dubi rahoton hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet. Ka leƙa shafin kamfanin duk wata uku. Idan sun daina fitar da gyara ga samfurinku, a cire akwatin daga intanet a riƙa karantawa a allonsa, ko a sauya akwatin kaɗai, don kayan da ke kan sanda galibi za su yi aiki da wani idan samfurin ya dace.