Na tsinci lofen kakana a adaka, ya zan gyara shi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Muna kwashe kayan marigayi kakanmu a Fagge sai na ci karo da lofensa na taba a ƙasan adaka, na katako ne, cikin duk ya toshe da baƙi, wutsiyar ta koma kore-kore kuma akwai ɗan farin ɗigo a jikinta. Ni ba na shan taba, so nake in gyara in ajiye. In jiƙa shi a ruwan omo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan tsoho. Ɗan'uwa don Allah kar ka kusanta shi da ruwa, katakon zai sha ya kumbura, hunturun Kano na zuwa ya tsage maka shi. Yawancin irin waɗannan da saiwar wani itace ake sassaƙa su, ana ce masa biraya, da ke fitowa a Italiya, Girka da Aljeriya. Farin ɗigon nan kuwa shi ya ja hankalina, alamar Dunhill ce, kamfanin lofe na Landan, tun 1912 suke sa ta, sai dai akwai masu kwaikwayo, don haka duba gefen katakon ko za ka ga hatimi. Duk abin da za ka yi kar samfefa ta taɓa rubutun nan, shi ne shaidar lofen, na sha ganin mutum ya goge shi garin neman ƙyalli wallahi abin da ciwo.

Fara cire wutsiyar, ka murɗa a hankali, in ta ƙi ka sa shi a firiza kamar minti 20 za ta saki, banda ƙarfi. Baƙin da ke cikin kan lofen kuma ka naɗe samfefa a jikin fensir ka riƙa kankarewa kaɗan-kaɗan, da ka hango katako ka tsaya. Sai ka toshe ramin da wutsiyar ke shiga da auduga, ka cika kan da gishiri, ka ɗiga sifirit na kemis har ya jiƙe amma kar ya zubo waje don yana cin launi, ka bar shi ya kwana, da safe za ka ga gishirin ya yi ruwan ƙasa ya zuƙe dattin da warin. Ka zubar ka bar shi kwana 2 a inuwa. Sifirit ɗin nan guba ne fa, na faɗe shi ne don ka ce ajiyewa za ka yi.

Koren wutsiya rana ce ta jawo, don roba ce mai tauri da aka dafa da farar wuta. Samfefa mai laushi, lamba 800 zuwa sama, da ɗan ruwa, sannan man goge baki a tsumma, ka kauce wa ɗigon. Katakon kuma kakin zuma ya ishe shi, akwai a kasuwar Kurmi, kar ka bari wani ya ce a shafa masa banish. In akwai sawun haƙorin tsoho a bakin wutsiyar ni dai da zan bar shi. Ka ajiye nesa da taga.