Kakin zuma da harsashin dalma

Assalamu alaikum jama'a. Yaya, na ga bidiyon da ka turo, na Baturen nan da ke narka kaki a tukunya yana zubawa kan harsasai, har kana tambaya wai ko tsafi ne. Rubutu ba zai ɗauki maganar ba, shi ya sa na ce bari in yi murya.

To ba tsafi ba ne. A nan Amurka mutane da yawa na haɗa harsashinsu a gida don farauta da harbin nishaɗi, doka ta bar su muddin ba na sayarwa ba ne. Kar wani ya ji ya ce zai gwada a gida fa, mu a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ba da izinin hukuma ba. Maƙwabcina a nan Texas, wani dattijo, tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai wannan, a garejinsa na gani da idona.

Ka gane, harsashin kanti yana da rigar jan ƙarfe. Nasu kuwa dalma ce tsirara, su narka su zuba a mazubi. Dalma laushi gare ta, in ta bi ta cikin bututun bindiga a guje sai ta riƙa gogewa tana barin saura a jiki, kafin ka ankara saiti ya lalace. Shi ya sa ake yi wa harsashin tsagi a ƙugu, a cike shi da mai. Dattijon nan jera su yake yi a tsaye cikin farantin gasa kek, ya narka kakin zuma da kitse ya zuba har ya rufe tsagin, in ya daskare ya bi da babban yatsa yana turo su ɗaya bayan ɗaya. Garejin kamar an haɗa mai zuma da mai tsire a ɗaki guda. Matarsa ta hana shi taɓa tukwanenta, sai da ya sayo tasa a gwanjo.

Rigimarsu duk a kan gwargwado take. Kitse ya yi yawa, zafin Texas ya narkar da shi a cikin mota. Kaki ya yi yawa, sanyi ya zo ya farfashe. Masu tsohuwar bindiga mai baƙin albarushi, irin na maharbanmu, ba sa yarda da man da aka samo daga fetur, don yana haɗuwa da tokar ya zama kamar kwalta. Yaran yanzu ma da yawa sun koma shafa garin fenti suna gasawa, shi dai ya ce ba da shi ba.

Amma Yaya, wannan ɗan kitsen da kake gani ya taɓa girgiza daula. A 1857 Turawan Ingila sun kawo wa sojojinsu na Indiya sabuwar bindiga, Enfield. Albarushi da harsashin a naɗe suke cikin takarda mai maiƙo, kuma sai soja ya yage ta da haƙori kafin ya ɗura. Sai magana ta bazu daga barikin Dum Dum kusa da Kalkata cewa kitsen saniya da na alade ne. Ka ga an haɗa kowa ke nan, Hindu ba ya cin saniya, Musulmi kuma ka san alade. Turawa suka ce to kowa ya shafa nasa, ko kaki ne da man shanu, daga baya suka ce a yage da hannu. Ina, yarda ta riga ta tafi, dama ga tarin ƙorafi a ƙasa. A barikin garin Meerut sojan doki 85 suka ƙi karɓar harsashin, aka sa musu mari a ƙafa a gaban 'yan uwansu, washegari 10 ga Mayu bariki ya tashi, suka nufi Delhi wajen Bahadur Shah Zafar, sarki na ƙarshe na daular Mughal. Ba a kai ƙarshen 1858 ba sai da aka karɓe mulkin Indiya daga hannun East India, kamfanin Turawan Ingila da ke riƙe da ƙasar, aka mayar ƙarƙashin Sarauniya Biktoriya.

Ni ma ranar da ya miƙo mini dunƙulen man ya ce in shinshina, sai da na tambaye shi kitsen mene ne. Ya yi dariya ya ce na tunkiya ne, wajen mahauci yake karɓa. Sannan na sa hannu.

Bari in tsaya nan, an kira Magariba a wajenmu. A gaida su Hajiya.