Me ya sa kwana ta huɗu ta firam ɗina ba ta haɗuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Jos, nakan ɗan taɓa aikin kafinta a gida ranakun hutu. Na sayo katako a Kasuwar Katako zan yi wa takardar shaidar 'yata firam, mai girman A4. Kwana uku na firam ɗin sun haɗu, ta huɗu ta buɗe baki, gilashin kuma ya ƙi shiga. Ga shi na auna da tef na sake aunawa. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yarinya albarka.

Mu fara da gilashin. Takardar A4 faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297. Wannan awon na gurbin da ke bayan firam ne, inda gilashi da takarda suke kwanciya, ba na bakin da ake gani ta gaba ba, ba kuma na gefen waje ba. Sannan dole a bar wa gilashi sarari, kamar milimita 3, sai gurbin ya zama 213 da 300. In faɗin katakonka milimita 40 ne, gurbin ya ci 10, saura 30 kenan. Yankan digiri 45 da ake yi don haɗa kwana yana ƙara wannan 30 ɗin a kowane ƙarshe, don haka ta waje guntayen za su zama 273, dogayen 360. Ka tsaya a kan milimita tun daga farko har ƙarshe. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, wanda ya ɗauke shi a 25 ya yi asarar kusan milimita 5 a inci 12.

Kwana ta huɗu kuwa, mutane sukan ɗora wa zarto laifi, alhali galibi tsawo ne bai zo daidai ba. Jera dogayen biyu baya da baya, ka shafa ƙarshensu da ɗan yatsa. In ka ji ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa ko da milimita ɗaya ne, ka gano ɓarawon. Ko yankanka ya yi kyau yaya, firam ba zai rufe ba muddin ɓangarorin da ke fuskantar juna ba su yi kai ɗaya ba.

Yawan awon da ka yi shi ne ma ya ba da ƙofa. Duk lokacin da ka ɗora tef, ɗan ƙarfen bakinsa yana motsi (da gangan aka yi shi haka, don awon ciki da na waje), layin fensir yana da kauri, zarto kuma yana cin nasa rabon: na hannu wajen milimita 1, na inji har 3. Yau ka yanka a kan layi, gobe a gefensa, tsawo ya bambanta. Shawarata, kuma a kanta na fi nacewa: auna guda ɗaya tak, ka yanke shi, ka ɗora shi a kan na biyu ka zana da bakin wuƙa. In da hali, kafa ɗan guntun katako a teburin aikinka ya zama matokari, kowane ya tokare a nan kafin zarto ya sauka, haƙoran zarton kuma su bi ta ɓangaren da za a zubar.

In tsawon ya yi daidai amma bakin na nan, to kusurwa ce. Yanka takwas ne a firam, kuskuren rabin digiri a kowanne ya taru ya zama digiri 4 a kwanar ƙarshe. Gwada a kan ragowar katako guda biyu tukuna, ka haɗa su a jikin sikwaya (ma'aunin kafinta mai siffar L) ka ɗaga sama. In haske ya ratso, a gyara.

Kada ka manta da yanayin Jos. Katakon da ya sha laimar damina yana tsukewa ta faɗinsa idan hunturu ya shigo, sai kwanonin su buɗe ta ciki. Bar shi a ɗaki ya yi mako biyu ko fiye kafin ka taɓa shi.

Kafin ka sa gam, haɗa huɗun a busasshe, ka ɗaure da igiya, ka auna daga kwana zuwa kwanar da ke can ɗaya gefen a gicciye, duka biyun su zo ɗaya. Sai bayan gam ya kama za ka kai firam ɗin wurin mai gilashi ya yanka daidai da gurbin.