Ƙasar da ke da bam ɗin nukiliya, me za ta yi da ƙawaye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin tarihi ne daga Katsina. Mun karanta cewa a zamanin Yaƙin Cacar Baka Amurka ta yi ta ƙulla ƙawancen soja don hana gurguzu yaɗuwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙasar da ke da bam ɗin nukiliya me za ta yi da ƙawaye? Kuma dabarar ta yi aiki kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗalibi. Bam ba ya tsare kowa sai abokin gaba ya gaskata cewa za ka iya jefa shi. Babban aikin ƙawancen ke nan, a sa Masko, wato gwamnatin Tarayyar Soviet, ta gaskata.

Bari mu faro daga tushe. A Fabrairun 1946 wani jami'in ofishin jakadancin Amurka a Masko, George Kennan, ya aika wa Washington doguwar wayar tangarahu. Ya ce shugabannin Tarayyar Soviet za su riƙa kutsawa duk inda suka ga ƙofa a buɗe, amma in suka tarar da ƙarfi sukan ja da baya. Saboda haka ba sai an yi yaƙi ba, a tare su kawai, a yi haƙuri, tsarin nasu zai gaji daga ciki. A Maris 1947 Shugaba Truman ya nemi majalisa ta ba shi dala miliyan 400 don tallafa wa Girka da Turkiyya, sannan shirin Marshall ya zuba wajen dala biliyan 13 a Yammacin Turai. Ka lura, da kuɗi aka fara, ba da soja ba.

Berlin ce ta sauya lissafin. A Yunin 1948 shugaban Soviet Stalin ya toshe duk hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da na ruwa zuwa yammacin birnin, ɓangaren da ke hannun ƙasashen Yamma, alhali birnin na can cikin yankin Jamus da sojojinsa ke riƙe da shi. Kusan shekara guda jiragen saman Amurka da Birtaniya suna jigilar gawayi da fulawa ga mutane sama da miliyan 2. Kafin a buɗe hanyar, ƙasashe 12 sun sa hannu a yarjejeniyar ƙawancen tsaro na NATO ranar 4 ga Afrilu 1949, wadda sashe na 5 nata ya ce wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. A watan Agusta na wannan shekarar Soviet ta gwada nata bam ɗin, a Oktoba Mao ya karɓe China, a 1950 yaƙi ya ɓarke a Koriya.

To ga inda tambayarka ta yi nauyi. Sojojin ƙasa na Soviet a Turai sun fi na Yamma yawa, don haka Amurka ta ce in tankokinsu suka tsallako za ta mayar da martani da nukiliya. Faɗa da baki ba wuya. Amma daga 1957, da Soviet ta harba tauraron ɗan Adam na Sputnik, kowa ya gane cewa rokar da ta kai wannan na'ura sararin samaniya za ta iya kai bam har cikin Amurka. Wane shugaba ne zai yarda a ƙone New York saboda birnin Hamburg na Jamus? Maganin da aka samo shi ne jibge sojojin Amurka sama da 200,000 a Jamus ta Yamma, da matansu da 'ya'yansu, a daidai hanyar da tankokin za su bi. Kamar mutum ne ya kai ɗansa riƙo gidan amininsa: duk wanda ya cinna wa gidan wuta ya san uban yaron zai fito, ko da alkawari ko babu. Da Jamus ta Yamma ta shiga NATO a Mayun 1955, cikin 'yan kwanaki Soviet ta kafa nata ƙawancen na Warsaw.

Ba kowa ne ya gamsu ba. Shugaban Faransa Janar de Gaulle bai yarda Amurka za ta sadaukar da biranenta don Faris ba, sai Faransa ta ƙera nata bam, ta gwada shi a Reggane cikin Saharar Aljeriya a Fabrairun 1960, daga baya ta janye sojojinta daga ƙarƙashin kwamandojin NATO a 1966. Nan abin ya taɓa mu kai tsaye, domin gwaje-gwajen nan ne suka sa gwamnatin Tafawa Balewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a Janairun 1961.

A wajen Turai kuwa ƙawancen bai yi ƙarko ba. An kafa SEATO, ƙawancen tsaron Kudu maso Gabashin Asiya, a Manila a 1954, aka ƙulla yarjejeniyar Bagadaza ta tsaron Gabas ta Tsakiya a 1955, amma zaman 'yan marina aka yi, kowa da inda ya sa gaba. Pakistan, wadda ke cikin duka biyun, Indiya ce damuwarta, ba Masko ba. Iraƙi ta fice bayan juyin mulkin 1958, kuma kafin 1980 duka ƙungiyoyin biyu sun watse. A ganina NATO ta daɗe ne saboda tsoron da ya haɗa mambobinta iri ɗaya ne.

Kada kuma ka ɗauka ƙawance bai da haɗarinsa. Amurka ta girke makamai masu linzami samfurin Jupiter a Turkiyya, a bakin ƙofar Soviet, sai shugaban Soviet Khrushchev ya rama da kai nasa Kyuba a 1962. Ranar 27 ga Oktoba aka harbo jirgin leƙen asirin Amurka a samaniyar Kyuba, matuƙin ya mutu. A wannan ranar jiragen ruwan Amurka suka riƙa sakin ƙananan nakiyoyi kan wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Soviet don tilasta masa tasowa, ba su san yana ɗauke da makamin nukiliya ba. Zafi ya yi yawa a ciki, sadarwa da Masko ta yanke, kyaftin ya zaci an soma yaƙi. Wani babban hafsa a jirgin, Vasili Arkhipov, shi ya ƙi yarda a harba. Washegari Khrushchev ya sanar da janye makamansa, bayan shugaban Amurka Kennedy ya yi alkawarin ba zai mamaye Kyuba ba, ya kuma yarda a asirce zai kwashe na Turkiyya. Firgicin makon nan ne ya haifar da layin sadarwa na gaggawa tsakanin Washington da Masko a 1963, da yarjejeniyar hana gwajin bam a sama da cikin ruwa a shekarar, da ta hana yaɗuwar makaman a 1968.

Shin ta yi aiki? A Turai, eh. Soviet ba ta tsallaka iyakar NATO ba. Sai dai Yamma ma ba ta tsallaka ba, shi ya sa aka zuba ido tankoki suka murƙushe mutanen Hungary a 1956 da na Czechoslovakia a 1968. Kar ta san kar ce. Faɗan da aka ji tsoron yi a Jamus sai aka kai shi Koriya da Vietnam da Angola da Afganistan, inda miliyoyi suka mutu, kuma da sunan tare gurguzu aka goya wa irin su Mobutu na Kongo baya shekaru da dama. Wanda ya ce maka an zauna lafiya a wancan zamanin, tambaye shi a wace nahiya.

Game da rushewar Soviet a 1991, masana na saɓani har yau. Ni na fi karkata ga cewa tseren makamai ya tsotse ta, amma rubewar tattalin arziki da faɗuwar farashin mai a 1986 da gyare-gyaren shugabanta Gorbachev su suka ƙarasa ta. Makaman kuwa ba su tafi tare da ita ba. A tsakiyar shekarun 1980 duniya na da kawunan nukiliya sama da 60,000, yanzu sun koma wajen 12,000, kuma kusan kashi 90 cikin 100 suna hannun Amurka da Rasha.