Tsohuwar kyanwa, ciwon haƙori da tsoron allurar barci

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan kyanwa ne, kamar an haɗa baki. Bari mu fara da wadda ta fi taɓa ni.

*Malam, kyanwata ta shekara 13 a hannuna, tun maigidana yana da rai. Kwanan nan bakinta na wari, yawu na dalala, in ta ɗauki nama sai ta karkata kai ta yar da shi. Likitan dabbobi ya ce sai an yi mata allurar barci a wanke haƙoran, a cire biyu. Ina tsoron kada ta ƙi farkawa. In yarda ko in bar ta haka? — Wata Hajiya daga Zariya*

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya saka miki da alherin riƙon wannan baiwar Allah. Tsoronki yana kan hanya, ba zan ce miki babu haɗari ba. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, aka fitar a 2008, ya nuna cewa a cikin kyanwoyi masu lafiya da aka sa barci, kusan ɗaya cikin 900 ce ke mutuwa, a cikin marasa lafiya kuwa kusan ɗaya cikin 70. Can ke nan, inda kayan aiki suka wadata. Amma ki dubi tazarar lissafin biyu. Abin da ya raba su shi ne lafiyar jiki, don haka tambayar da za ki fara yi ita ce: yaya ƙodarta, yaya hantarta, yaya zuciyarta? Shekara 13 tsufa ne ga kyanwa, ƙoda ce kuma ta fi saurin gazawa a wannan shekarun, ga shi ba a ganewa da ido sai abin ya yi nisa.

Saboda haka kafin ki ce "na yarda", ki nemi a ɗebi jininta a gwada. A saurari ƙirjinta. A ɗora ta a ma'auni, kada a ƙiyasta nauyinta da hannu, domin da nauyi ake auna magani. Ki tambayi likita wane magani zai yi amfani da shi, ko za a sa mata ƙarin ruwa, ko za a zura mata bututu a maƙogwaro don kada ruwan wanki ya gangara huhu, da kuma wanda zai tsaya a kanta yana lura da numfashinta har ta farfaɗo sosai. Likitan ƙwarai ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce miki "Hajiya ki bar mana aikinmu", ki ɗauki kyanwarki ki yi gaba. Ke da kike Zariya ma kin huta, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da ke. Mutanen Sakkwato da Maiduguri su ma jami'o'insu na da irinsa.

Barin ta haka kuma ba hutu ba ne. Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce. Kafin ki ga tana yar da nama, ta daɗe tana haƙuri. Ruɓaɓɓen haƙori ba ya warkewa da kansa, kullum ramewa za ta yi, kuma aikin da kika ƙi yau sai ya fi haɗari nan da wata shida.

Ranar aikin, in likita ya ce kada ta ci komai daga ƙarfe kaza, to kada tausayi ya sa ki miƙa mata ko loma da asuba. Amai a cikin barcin magani yana iya kashewa. Bayan an dawo gida ki shimfiɗa mata tsumma a ƙasa, a ɗakin da babu iska, jikoki kuma su ba ta wuri.

*Malam, muzuruna na ciwon haƙori, ba ni da kuɗin asibiti sai ƙarshen wata. In ba shi rabin farasitamol kafin nan? — Wani matashi daga Kano*

A'a. Ko kwata, ko ɓarɓashi. Kuma tunda ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi, sai ka yi haƙuri da ni.

Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol yadda tamu ke yi. Ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe ta. Na gani da idona a gidan wani maƙwabcinmu. Da dare ya daka rabi a cikin kifin gwangwani, da kyakkyawar niyya. Da safe fuskar kyanwar ta kumbura har idanun sun shige, dasashinta ya koma ruwan makuba, tana haki baki buɗe a ƙarƙashin randa. Ba ta kai la'asar ba. Yaran gidan suka yi ta kuka, uban yana ta cewa ai maganin da yake ba su ne. Su ibufurofen da dikulofenak da ake saya a kemis kamar gyaɗa su ma haka, ƙoda suke lalatawa. Man kanumfari da muke ɗiga wa haƙori guba ne gare ta. Tafarnuwa da albasa suna lalata mata jini.

Abin da ke ba ni mamaki da mu shi ne, mutum zai kwana yana fargabar allurar da likita zai auna, ya tsaya a kai yana sa ido, amma hannunsa ba ya rawa in zai ɗura wa dabba abin da yaron kemis ya ƙulla masa a leda. Yaron nan ko maganin mutane bai gama sani ba, balle na kyanwa. Ga maganin jabu da ya cika kasuwa, ga wanda ya kwana ya wuni a rana a kan tire har kwalinsa ya koɗe. Sai dabba ta mutu a ce kwananta ne ya ƙare. Kwana na ƙarewa, gaskiya ne, amma mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wanda ya ajiye dabba ya ɗauki amana, amana kuma ba a yi mata gwaji.

Kai dai, ɗana, kafin ƙarshen wata ka jiƙa masa abinci ya yi laushi, ka cire ƙayar kifi, ka ajiye masa ruwa mai tsabta. Ka je asibitin dabbobi na gwamnati ka tambayi kuɗin duba shi kawai. Sau da yawa bai kai abin da kake kashewa a data ba. In ya kwana ya wuni bai ci komai ba, maganar jiran albashi ta ƙare, ka ranto.

*Wani mai jaka da ke zagayawa unguwarmu ya ce zai kankare mata haƙora a gida ba tare da allura ba, a rabin kuɗin asibiti. — Daga Kaduna*

Wa zai danne ta? Da me za a buɗe bakin? Ciwon yana ƙarƙashin dasashi ne, inda ƙarfe ba ya shiga sai dabba na barci. Abin da zai yi shi ne ya kankare miki saman haƙori, ya bar ruɓar a ciki, ya karɓi kuɗinsa. In kuma ya zaro allura daga jakar ya ce "ɗan kwantar da ita" zai yi, wannan ya fi muni, don wataƙila wadda ake yi wa shanu da dawaki ce, tana rage bugun zuciya. Ki tambaye shi rajistarsa da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, ki ga yadda zai canza zance.

*Na ga ana tallar wani feshi a Facebook, wai yana narkar da dattin haƙorin kyanwa cikin kwana uku. In saya?*

Dattin da ya daskare ya zama kamar dutse, feshi ba ya narkar da shi. Abin da zai iya narkar da shi cikin kwana uku zai haɗa da haƙorin. Riƙe kuɗinka.

*Zan iya goge mata baki da man goge bakinmu, ko in yi mata asuwaki?*

Asuwaki kuma? Ka gwada, ka aiko mini da hoton hannunka. Man goge bakinmu yana da sinadarin da ake tofarwa, kyanwa kuwa haɗiyewa take yi. Akwai nasu na musamman, da ɗan buroshi mai laushi, amma da ƙuruciya ake sabar musu, kuma ba a goge bakin da ya riga ya yi ciwo.

*In an cire mata haƙora, da me za ta ci abinci? — Wata ɗaliba daga Maraɗi*

Kwantar da hankalinki, 'yata. Babbar kyanwa haƙora 30 gare ta, kuma ba niƙa take yi da su kamar mu ba, yagewa take ta haɗiye. Akwai waɗanda aka cire musu duka suna cin abincinsu lafiya. Ki yayyanka mata dafaffen nama ƙanana na mako ɗaya ko biyu har wurin ya warke. Madara ce kawai zan ce ki rage, yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su.