Tambaya Da Amsa: Kwabo Mai Hoton Jirgin Ruwa

Tambaya: Malam, a akwatin marigayi kakana na tsinci wani jan kwabon Ingila na shekarar 1958 mai hoton jirgin ruwa. Wane jirgi ne wannan, kuma ya dace in goge shi da toka don ya yi haske? Daga mai karatu, Yauri, Jihar Kebbi.

Amsa: Allah ya jiƙan kaka. Abin da ke hannunka rabin kwabo ne, kuma jirgin shi ne Golden Hind, wanda matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, Francis Drake, ya kewaya duniya da shi tsakanin 1577 da 1580. An buga irinsa da yawan gaske daga 1937 zuwa 1967, saboda haka ba shi da tsada, amma mafari ne mai kyau ga mai son tara irin waɗannan kuɗaɗe, musamman idan ka haɗa shi da tsabar fam biyu da Ingila ta buga a 2011 don tunawa da Mary Rose, wani tsohon jirgin ruwan yaƙinta.

Batun toka kuwa, kada ka kuskura, domin gogewa tana kankare fuskar kwabo, masu saye kuma sun fi daraja wanda ya tsufa da launinsa. Ka riƙa kama shi ta gefe, ka naɗe shi a busasshiyar takarda, nesa da laimar damina.