Ina sabon ɗan jaridar kimiyya zai nemi tallafin horo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na karanta aikin jarida a ABU, yau shekarata ɗaya da rabi a wani gidan rediyo nan Zariya, ina gabatar da shirin lafiya da noma. Ina ta jin zancen feloship na 'yan jaridar kimiyya. Wanne ne irina zai iya nema? Daga wani mai karatu a Samaru.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Feloship dai gurbi ne na ɗan lokaci, a ba ka horo da mai ja maka gora, a haɗa da kuɗin alawus. Wanda kowa ke kira da farko shi ne Knight Science Journalism na jami'ar MIT a Amurka, wanda aka kafa a 1983. Ajiye shi tukuna. Sai wanda ya yi aƙalla shekara uku yana aikin suke ɗauka, kuma kimanin mutum goma ne a shekara daga duniya baki ɗaya. Shi ma na AAAS, ƙungiyar bunƙasa kimiyya ta Amurka, kada ya ci maka lokaci, don na ɗaliban kimiyya ne masu izinin aiki a Amurka.

Biyu ne daidai kai, kuma duka daga gida ake yin su ta intanet. The Open Notebook, shafin koyar da aikin jaridar kimiyya, na da shirin masu tasowa, na waɗanda ba su kai shekara uku suna rubutun kimiyya ba. Za su haɗa ka da gogaggen edita ya riƙa bin rubutunka layi-layi. A ganina wannan gyaran ya fi alawus ɗin amfani, domin abin da ya yi ƙaranci a ɗakunan labaranmu ke nan. Sai na Mongabay, shafin labaran muhalli, mai suna Y. Eva Tan, na wata shida, ga sababbin masu rahoton muhalli daga ƙasashe masu zafi irin namu. Ban da su, Earth Journalism Network da Pulitzer Center kan ba da kuɗin gudanar da rahoto guda, su biya maka mota da masauki. Duk waɗannan ba sa karɓar kuɗin fom. Wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp ya ce ka biya kafin a saka sunanka, ɗan damfara ne.

Amma ga inda nake so ka tsaya. Masu tantancewa ba su cika damuwa da takardar digirinka ba. Abu biyu suke dubawa: me ka riga ka wallafa, kuma wane labari ne kai kaɗai za ka iya kawowa. Nan kuwa kana zaune a kan taska. Daga Samaru, tafiyar ƙafa ce zuwa IAR, cibiyar binciken aikin gona da ta fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019, wanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta don ya jure wa tsutsar da ke huda kwanso. Har gobe ana muhawara a kansa. Ka taɓa zuwa ƙauyukan Giwa ko Soba ka tambayi manoma ko feshin magani ya ragu musu da gaske, kuma nawa suke sayen irin? A Shika ga NAPRI mai binciken dabbobi, ga asibitin koyarwa. A CERT, cibiyar binciken makamashi ta ABU, kuma akwai tukunyar nukiliya ta bincike da ke aiki tun 2004, wadda Zazzagawa da yawa ba su ma san da zamanta ba. Ɗan jaridar Landan sai ya hau jirgi kafin ya ga waɗannan, kai kuwa Keke Napep ya ishe ka.

Da Turanci ake cike takardun, wannan kam babu makawa. Saboda haka kada aikinka ya tsaya a iska. Duk shirin da ya yi armashi, ka mayar da shi rubutaccen rahoto, ka aika wa wata jarida ko shafin labaran kimiyya na SciDev.Net, ka adana sautin Hausar ma. Ka tara rahotanni uku masu ƙarfi, kowanne da muryar masani, da ta manomi ko majinyaci, da alƙaluman da ka tabbatar.

Ranakun rufe karɓar takardu da yawan alawus suna sauyawa, don haka shafin su kansu za ka riƙa leƙawa. Ka kuma sanar da editan da zai rubuta maka takardar shaida tun da saura wata guda, ba ana gobe za a rufe ba.